Ɗakin da Baba ya gina wa taransifoma

Akwai wata bazara da na yi ta roƙon Allah kada a kawo wuta unguwarmu. Na san yadda maganar take a kunne. Mutumin da abincinsa ke cikin wayar lantarki, ɗan Gwandu kuma, inda zafin rana kan sa ka zauna kana kallon fanka kamar za ka yi mata magana, a ce shi ke wannan addu'a, cikin watan azumi. To ni ne, kuma da zuciya ɗaya nake yin ta. Dalili shi ne duk sanda aka kawo wuta, mahaifina yana zaune jingine da abin da nake tsoron zai fashe.

Baba magini ne, na ƙasa. Rumbu, soro, katanga, duk aikinsa ne, kuma a zamaninsa daga Kambaza har Masama ba a cika ɗora azara ba sai an ji ta bakinsa. Sai bulo da siminti suka shigo, kowa ya koma can, har masu rumbu suka koma jibge hatsi a buhu cikin shago. Aka daina sallama da shi. Bai yi ƙorafi ba, ba halinsa ba ne. Ya dai rage cin abinci, ya rage magana, in mun wuce sabon gidan bulo ya ƙwanƙwasa bangon da ɗan yatsa ya yi tsaki ya wuce.

Ni kuwa aikin wuta nake yi a wani kamfanin casar shinkafa a Kalgo. Can nake kwana, ranar Juma'a in hau babur in zo gida in ga tsofaffi, in koma.

Tsohuwar taransifomar unguwarmu ta ƙone, muka daɗe ba wuta, daɗewar da har mata suka mayar da firji wurin ajiye kwanuka. Da ƙyar da bin ƙafa aka samo sabuwa, aka dasa ta kan dakalin siminti kusa da masallaci. Ba a kai ga haɗa ta ba labari ya zo cewa a wata unguwa ɓarayi sun tsiyaye man tasu sun yanke wayoyin jan ƙarfe sun tafi da su. Hankalin mutane ya tashi. Bayan sallar Juma'a mai unguwa ya tara dattawa, aka ce lallai a kare wannan, kuma tunda ga magini a unguwa, a ba shi aikin. Duk wannan ba na nan. Lokacin shinkafa ce ke ta shigowa kamfani, na yi makonni ban leƙo gida ba.

Ranar da na dawo, na karyo kwanar masallaci na taka birki. Ba taransifoma. A wurinta ga wani ɗan ɗakin ƙasa, kewayayye, bango mai kauri, an yi masa rufin azara an daɓe, an yaɓe shi da makuba har yana sheƙi. Wayoyi masu kauri sun sauko daga fal-waya sun shige ta wasu kafofi da aka bar musu daidai jikinsu. Ƙofa ɗaya, ta kwano, da kwado. Taga ɗaya can sama, wadda kan akuya ma ba zai shiga ba. Wallahi ginin ya yi kyau, kuma abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Baba yana zaune kan tabarma a inuwar ɗakin, bayansa jingine da bango, dattawa kewaye da shi ana hira. Ya yi ƙiba. Ya sa hularsa ta zuwa suna. Da ya gan ni ya ɗaga hannu, mabuɗi na lilo a igiyar da ya rataya a wuya.

"Ga injiniyan Kalgo nan," in ji shi. "Taho ka ga aikin da ba a koya muku makaranta."

Aka yi dariya, ni ma na yi, na durƙusa na gaishe su. Daga inda nake durƙushe ina jin gurnanin taransifomar ta cikin bango. Na kai hannu na dafa ginin kamar mai yaba yaɓe, na ji shi da ɗumi, ɓangaren inuwa kuwa. 

Sai da jama'a suka watse bayan la'asar na ce ya buɗe mini in gani. Ya buɗe yana murmushi. Iskar da ta fito ta dake ni a fuska irin ta bakin tandar gurasa, da warin mai mai zafi, warin da duk mai aikinmu ya sani kuma ba ya so. Na sa ƙafa ɗaya ciki, na tsaya nesa da kan wayoyin, na haska da fitilar waya.

Kowace taransifoma tana da ɗan allon ƙarfe manne a jikinta, wanda maƙeranta suka rubuta abin da za ta iya da abin da ba za ta iya ba. Yawancin mutane lamba ɗaya suke dubawa, ta girman kayan da za ta ɗauka, su ce tamu babba ce, shi ke nan. Amma a ƙasan wannan lambar akwai sharuɗɗa, kuma lambar ba ta tsayawa sai da su. Na farko wasu haruffa ne huɗu, ONAN. Ma'anarsu a taƙaice: man da ke cikinta shi ke zagayawa da kansa, ya kwaso zafi daga naɗin wayoyi ya kawo shi cikin faifayen ƙarfen nan da ke jere a gefenta kamar haƙarƙari, iskar Allah kuma ta bi ta tsakaninsu ta kwashe. Ba fanka, ba famfo. Tamu ta kamfani a Kalgo tana da fankoki, shi ya sa allonta ke da lamba biyu, ƙarama in fankokin na tsaye, babba in suna juyawa. Wannan kuwa iska kaɗai gare ta, iskar kuma an toshe.

Sharaɗi na biyu shi ne na zafi. An rubuta digiri hamsin ga mai. Wannan ba shi ne iyakar zafin da za ta kai ba, ƙarin da za ta yi ne a kan zafin iskar da ke kewaye da ita. Maƙeran sun ɗauka iskar ba za ta wuce arba'in ba. A Gwandu cikin bazara muna wuce arba'in a inuwa, ba tare da taimakon kowa ba. To ga ɗaki a rufe, zafin da ta fitar ba ya da hanyar fita, shi zai sake zama iskar da take shaƙa, ta ƙara hamsin ɗinta a kansa, haka dai abin ke hawa. Akwai ɗan agogon zafi a jikinta. Allurar ta wuce jan layi ta zauna. A bakin murfin sama kuma mai ya fara tsattsafowa, ƙura ta manne a kai ta yi baƙi.

Na fito gumi har cikin takalmi, na ce, "Baba, taransifomar ga dahuwa takai."

"Wace dahuwa? Cikin ɗakin ƙasa?" Ya dube ni kamar na ce rijiya ta kama da wuta. "Kai, randar uwarka ina take? Ba cikin ɗakin ƙasa ba? Ka taɓa shan ruwanta da zahi?"

"Randa ba ta da wuta cikin cikinta, Baba. Wagga tana da ita. Ɗakin ƙasa shina hana zahin waje shiga, gaskiya ta. Amma shina hana na ciki hita."

"To je ka taɓa kwanon rufi da tsakar rana ka ji. Ƙarhe na, kamar wagga. Kana son in bar ta rana ta yi ta duka?"

Nan ya kama ni, don rana ma tana ƙara mata, ban isa in ce ba ta yi ba. Na ce a bar inuwa, a ɗaga rufi sama kan ginshiƙai, a sauke bango, a kewaye da ragar waya. Ya ce ragar waya aikin masu kaji ne, ɓarawo da almakashi zai shiga. Na ce to a huda bangon, manyan kafofi sama da ƙasa ta kowane gefe. Ya ce bangon da aka huda haka ba ya ɗaukar azara, damina ɗaya zai zauna. Na jawo shi in nuna masa allon, na karanta masa, na fassara. Ya saurara har ƙarshe, don Baba ba ya katse mutum. Sannan ya ce wanda ya rubuta wannan bai taɓa zuwa Gwandu ba.

Ina da saurin fushi, kowa ya sani a gidanmu, daga wajen Inna na gado shi. Muryata ta fara hawa. Ya ce, "Sassauta, muna bakin masallaci." Ya mayar da kwado, ya gyara tabarmarsa, ya koma ya jingina da bangon.

A cikin gida na sami Inna tana dama kunun buɗa-baki. Na zayyana mata komai, har da cewa in man nan ya kama, ba ɗakin kaɗai zai ci ba. Ta ajiye ludayi.

"Na ji ka," ta ce. "Amma ka dubi mutumin nan. Tun da anka ba shi aikin ga ya koma cin tuwo har da neman ƙari. Da asuba shika tashi ya share wurin. Shekara nawa ina kallo nai shina ƙarewa zaune cikin zaure? Yanzu ka zo ka ce a rushe."

"To ki hana shi zama wurin, ko wannan kaɗai."

"Ni? Yaushe na taɓa hana ubanka zama inda ya ga dama?"

Na je wurin mai unguwa. Ya karɓe ni da fara'a, ya ji bayanina yana gyaɗa kai, ya ce lallai ilimi abu ne mai kyau. Sannan ya ce, "Ubanka na, ɗana. Ku tahi ku daidaita cikin gida, in kun daidaita ku hwaɗa muna." Na gane ba zai taɓa zuwa ya ce wa dattijon da shi da kansa ya roƙa ya rushe aikinsa ba.

Haka na koma Kalgo da abin a ƙirjina. Makonnin da suka biyo baya ban ji daɗinsu ba ko kaɗan. Ina tsakiyar aiki, injuna na ruri, ƙaiƙayin shinkafa na bin wuya, sai in fita bayan kamfani in kira Inna. Tambayata biyu ce kullum. An kawo wuta? Baba na ina? In ta ce ba wuta, sai in ji numfashina ya sauka, in koma aiki kamar mutum. In ta ce an kawo tun hantsi, to ranar ba ni da sauran amfani. Na san azumi ne, kowane firji a unguwa yana kunne ana haɗa ƙanƙara, kowace fanka na juyawa, masu injin markaɗe sun tayar, kuma daidai lokacin da rana ta fi zafi kayan suka fi nauyi. Daidai lokacin ne kuma Baba ke shimfiɗa tabarmarsa. Har Inna ta gaji da ni, ta fara ɗaga waya da cewa, "An kawo, shina can, lahiya lau, sai an jima."

Maigidana a wurin aiki, wani dattijo da ya tsufa cikin harkar wuta, ya lura na daina cin abincin sahur na kirki kuma ina yawan ɓata wa yara rai. Na gaya masa. Na tambaye shi abin da na riga na sani, don kawai ina son wani ya ce mini na yi kuskure. Na ce ai ta yi makonni a haka ba abin da ya faru.

Ya ce, "Zafi ba ya kashe ta rana ɗaya. Takardar da aka naɗe wayoyin ciki da ita yake ci, a hankali, tana bushewa tana ƙonewa, kai kana waje kana ganin lafiya. Wata tana mutuwa shiru, a wayi gari ba wuta. Wata kuma ba ta sallama." Sannan ya ce, "Ka san ofishin masu wuta. Kayansu ne, ba na unguwa ba."

Na sani. Tun ranar farko na sani, ina dai kewaye wurin ne. In na kai magana can, ba za su zo su yi shawara da Baba a zaure ba, a bainar jama'a za a yi.

Abin da ya ture ni shi ne Juma'ar da ta biyo. Na iso na tarar da baƙi a inuwar ɗakin, dattawa daga Masama, sun zo ganin ginin. Su ma an yi musu alkawarin taransifoma, suna son Baba ya je ya yi musu irinsa. Yana tsaye yana nuna musu kaurin bango da tafin hannu, yana gaya musu irin ƙasar da za su tanada da yawan kwanakin da za ta yi tana ruɓa. Rabon da in ji muryarsa haka tun ina ƙarami. Na tsaya a gefe ina jin daɗi ina jin tsoro lokaci guda. Da suka tafi na leƙa ta ƙasan ƙofar kwano. Man da ke tsattsafowa ya gangaro har kan dakali.

Ranar Litinin na nemi izini a wurin aiki na tafi ofishin masu wuta. Na sami wani jami'i mai sauƙin kai, na nuna masa hotunan da na ɗauka. Ya daɗe yana kallon na agogon zafin. Ya ce wa ya gina wannan? Na ce mahaifina. Ya ɗago ya dube ni, ya ce za su zo ranar Laraba.

Laraba ina Gwandu tun da safe. Ban shiga gida ba, na zauna a shagon wani mai faci ina kallon hanya. Bayan azahar motarsu ta tsaya. Kafin su gama sauke tsani unguwa ta taru. Suka zare fis daga saman fal-waya suka yanke wutar, gurnanin ya tsaya, fankokin masallaci suka yi ta lilo har suka tsaya su ma.

Jami'in ya yi ladabi, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya cire hula ya gaida Baba, ya nemi a buɗe masa, ya shiga ya fito yana share fuska. Ya ce gini ya yi kyau, niyya ma ta yi kyau, amma ba za su mayar da wuta ba sai an sauke shi, kuma sai sun gwada man sun ga ko taransifomar ta tsira.

Nan take gunaguni ya fara. Na ji wani da na sha gani yana shan inuwar ɗakin yana cewa shi dama tun farko abin bai kwanta masa ba. Wata murya daga baya ta ce yanzu cikin azumin nan za a bar mu ba ƙanƙara saboda ginin tsofaffi. Raina ya ɓaci har na juya neman mai maganar, sai na tuna ni na jawo. Mai unguwa yana ta gyaran rawani yana kallon ƙasa. Samari kuwa har sun ruga sun dawo da diga da shebur.

"Kowa ya tsaya," in ji Baba.

Bai ɗaga murya ba, amma suka tsaya. Ya juya wurin jami'in.

"Yaro, ku ba ku biyowa ta nan sai an kira ku. Wa ya kira ku?"

Jami'in ya ce ai aikinsu ne zagayawa, Baba. Yana ƙoƙarin rufa mini asiri ne, Allah Ya saka masa. Amma Baba ba ya kallonsa, idonsa na yawo cikin jama'a, kan maƙwabtansa, kan mutanen da yake sallah sahu ɗaya da su. Na ga zai kwana yana zargin wani, ya tashi yana zargin wani. Na ratso mutane na fito.

"Ni na, Baba."

Ya dube ni. Na yi zaton zai yi faɗa, na ma fi son ya yi. Bai yi ba. Ya ciro igiyar mabuɗin daga wuyansa ya miƙa wa mai unguwa. Ya naɗe tabarmarsa ya jingine ta da bangon masallaci. Sannan ya karɓi diga daga hannun wani saurayi, ya auna nauyinta, ya miƙo mini ta ƙota.

"To kai za ka hwara."

Na karɓa. Mutane suka ja baya suka yi mana fili. Na matsa jikin bangon, ina ganin sawun yatsunsa a cikin yaɓen, layi bayan layi. Ban san ta inda ake fara rushe gini ba, ban taɓa yi ba. Na ɗaga digar na saita gindin bango, don in gama da wuri in bar wurin.

Sai na ji an riƙe ƙotar ta baya.

"Ba nan ba," in ji Baba, a hankali, yadda ni kaɗai zan ji. "In ka daki gindi, rufin bisa kanka za shi hwaɗo. Hau sama. Daɓen za ka ɓanɓare tukuna, sannan azara, ɗaya ɗaya."

Ya sa aka kawo tsanin masu wuta. Shi ya jingina shi, ya gwada zamansa da ƙafa, ya riƙe shi da hannu biyu. Na hau ina kuka, ban damu da wanda ya gani ba. Yana ƙasa yana riƙe da tsanin, yana gaya mini inda zan sa ƙafa.